BABI NA UKU: TARIHIN BITAR ZANE TA MBARI MBAYO DA ADON GARIN OSHOGBO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin bitocin zane da aka gudanar a garin Oshogbo na ƙasar Yarbawa daga shekarar 1962 zuwa 1964, da kuma irin tasirin da suka yi a kan kamannin garin. Abin da ake nufi da bita a nan shi ne taron koyon aiki na 'yan kwanaki, wanda ake buɗe wa kowa da kowa ba tare da neman takardar shaida ba. Zanen bainar jama'a kuwa shi ne duk wani zane ko sassaƙa ko adon gini da aka yi a wurin da mutane suke bi a harkokinsu na yau da kullum, kamar bakin titi da kasuwa da ƙofar fada.

An zaɓi Oshogbo ne saboda tana cikin fitattun garuruwan Afirka da aka jarraba wannan hanya ta koyarwa. Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: da yake don mutanen gari aka ce an shirya bitocin, mene ne ya rage wa mutanen garin daga cikin abin da aka samar? Za a nuna cewa ayyukan sun rabu gida biyu. Waɗanda aka yi a kan takarda da katako sun bi kasuwa sun fice, waɗanda masu sana'a suka gina da siminti a jikin gari kuwa su ne suka zauna.

3.1 Oshogbo Kafin Zuwan Bita

Oshogbo tsohon gari ne da yake gefen kogin Oshun, kuma sarautar garin ita ake kira Ataoja. A wajajen shekarar 1840 ne mayaƙan Ibadan suka tare dakarun Ilori a wannan gari, abin da ya dakatar da faɗaɗar masarautar Ilori zuwa kudu. Da jirgin ƙasa ya iso a farkon ƙarni na 20, sai garin ya zama matattarar 'yan kasuwa da ma'aikata. A shekarar 1991 ya zama babban birnin Jihar Oshun.

Tun kafin zuwan baƙin da za a yi magana a kansu, Oshogbo gari ne na masu sana'a. Ya yi suna wajen rini, har Yarbawa suna yi masa kirari da garin baba. Mata ne suke riƙe da wannan sana'a, suna zana ƙyalle da kunun rogo ko su ɗaure shi kafin a tsoma a baba, wato abin da suke kira adire. Akwai maƙera da masassaƙa da makaɗa. Haka kuma akwai birkiloli da suke gina benaye irin na Barazil, salon da 'yantattun bayi da suka dawo daga can suka kawo Legas a ƙarni na 19, daga baya ya bazu cikin ƙasar Yarbawa. Waɗannan birkiloli sukan ƙawata baranda da ƙofa da siminti, wani lokaci su ɗora siffar zaki a kan ƙofar gida don nuna arzikin mai gidan. Ke nan idon mutumin Oshogbo ya riga ya saba da ganin ado a jikin gini.

Sai dai a shekarun 1950 sana'o'in da suka dogara da addinin gargajiya sun fara ja da baya. Mafi yawan mutanen garin sun karɓi Musulunci ko Kiristanci, masu ba masassaƙa aiki sun ragu, wuraren bauta na dauri kuma gara ta ci su. A ɗaya ɓangaren ga samari da suka gama firamare ba su sami ci gaba da karatu ba, ba su kuma son komawa gona. Daga cikin irin waɗannan samari ne bitocin suka sami ɗalibansu.

3.2 Kafuwar Mbari Mbayo

Mutum uku ne ba a iya ba da wannan tarihi sai da su. Na farko shi ne Ulli Beier, Bajamushe, wanda ya zo Nijeriya a 1950 don koyarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Daga baya ya koma sashen da yake kai darussa ga manya a garuruwa, aikin da ya sa ya zauna a Ede da Ilobu, sannan Oshogbo a 1958. Shi ne ya kafa mujallar adabi mai suna Black Orpheus a 1957. Ta biyu ita ce Susanne Wenger, mai zane 'yar ƙasar Ostiriya, wadda suka zo tare da Beier a matsayin matarsa. Ta rungumi addinin gargajiya na Yarbawa, aka raɗa mata suna Adunni Olorisha, ta kuma zauna a Oshogbo har rasuwarta a 2009. Na uku shi ne Duro Ladipo, ɗan garin, malamin makaranta da ya taɓa koyarwa a Kaduna, mawaƙi kuma mai shirya wasan kwaikwayo.

A shekarar 1961 Beier da wasu marubuta da masu zane, irin su Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Demas Nwoko, suka buɗe kulob ɗin Mbari a Ibadan. Chinua Achebe ne ya ba da sunan, wanda aka ɗauko daga ɗakunan laka masu mutum-mutumi da Ibo na yankin Owerri suke ginawa. Wannan kulob na 'yan boko ne, mutanen jami'a da gidan rediyo. Duro Ladipo ya ga abin ya ba shi sha'awa, ya nemi a yi irinsa a garinsu. A lokacin ya riga ya sami saɓani da shugabannin majami'arsu saboda ya shigar da gangunan Yarbawa cikin waƙoƙin ibada, don haka yana neman wurin da zai yi wasanninsa ba tare da tsangwama ba.

Ladipo yana da wata mashaya a gidansu mai suna Popular Bar. Ita aka gyara, aka mai da ɗakin shan wurin nuna zane, tsakar gida kuma ta zama dandalin wasa. An buɗe wurin a watan Maris na 1962 da wasansa mai suna Oba Moro. Mutanen gari ba su san kalmar Mbari ba, sai suka fassara ta da harshensu suka ce Mbari Mbayo, ma'ana idan na gani zan yi farin ciki. Wannan sauyin suna yana da muhimmanci ga tarihin, domin ya nuna cewa tun ran farko jama'a sun ɗauki wurin a matsayin nasu. Ba a cikin harabar makaranta yake ba, babu mai gadi a ƙofa. 'Yan kasuwa da yara da makaɗa da sarakuna duk suna shiga su ga abin da aka rataya a bango.

3.3 Yadda Aka Gudanar da Bitocin

Koyar da fasaha ta hanyar bita ba a Oshogbo aka fara shi ba. A Oye-Ekiti limaman Katolika, musamman Kevin Carroll, sun tara masassaƙa daga 1947 zuwa 1954, kuma a nan Lamidi Fakeye ya goge. A Abuja ta dā, wato Suleja ta yanzu, Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Bambancin shi ne waɗannan biyun sun ɗauki mutanen da suka riga suka iya sana'ar ne suka ƙara musu dabaru, alhali a Oshogbo waɗanda ba su taɓa riƙe buroshi ba aka gayyata.

Gwaji na farko a Ibadan aka yi shi a 1961, ƙarƙashin Julian Beinart da Amancio Guedes, masana zanen gine-gine daga kudancin Afirka. Mafi yawan mahalartan malaman zane ne da ɗalibai. Beier ya fito daga wannan taro da ra'ayin cewa karatun zane irin na makarantun Turawan mulki yana ɗaure hannun ɗalibi, ya sa shi kwaikwayon abin da ya gani a littafi. Saboda haka ya ƙudura a sake gwadawa da waɗanda makaranta ba ta taɓa ba.

Bitar farko ta Oshogbo an yi ta a 1962, kuma Denis Williams ne ya jagorance ta. Shi mutumin Guyana ne, baƙar fata, wanda ya koyar da zane a Khartum ta ƙasar Sudan kafin ya zo Nijeriya. A wannan bita aka gano Jacob Afolabi, wanda yake sayar da abin sha a mashayar Ladipo. A ta 1963 Rufus Ogundele ya fito, shi kuma ɗan wasa ne a ƙungiyar Ladipo kuma ɗan'uwansa.

Bita ta uku, wadda ta fi sauran suna, ita ce ta watan Agusta na 1964. Georgina Betts ce ta gudanar da ita, wata Baturiyar Ingila da ta zauna a Zariya tun 1959, ta koma Oshogbo a 1963, daga baya Beier ya aure ta bayan sun rabu da Wenger. Kwana biyar aka yi. Tsarin mai sauƙi ne: a ba kowa takarda mai arha da fenti da buroshi, a ce ya zana abin da yake ransa. Ba a ajiye wani abu a gaba a ce a kwaikwaya, ba a koyar da ƙa'idar nesa da kusa ko awon jikin mutum. Aikin mai koyarwa shi ne ta zagaya, ta lura da inda hannun mutum ya fi ƙarfi, ta ƙarfafa masa gwiwa a kan wannan. Bayan an tashi sai aka zaɓi waɗanda suka yi fice aka ci gaba da aiki da su na tsawon kimanin shekara biyu, aka koya musu yadda ake karta zane a farantin ƙarfe ko a ledar daɓe a buga shi a takarda.

Mutum huɗu ne suka fi shahara daga wannan bita. Akwai Taiwo Olaniyi, wanda aka fi sani da Twins Seven-Seven, da yake yi wa masu tallan magani rawa kafin ya shigo. Akwai Muraina Oyelami, makaɗi kuma ɗan wasa, wanda ya taɓa aiki a gidan mai. Akwai Adebisi Fabunmi, wanda aka haifa a Takoradi ta ƙasar Gana, shi ma ɗan wasa. Sai Jimoh Buraimoh, mai gyaran lantarki da yake kula da fitilun dandali. Abin lura a nan shi ne kusan dukkansu suna da alaƙa da ƙungiyar wasan Ladipo. Sun saba da juna, suna cin abinci tare, suna tafiya tare, sun kuma haddace labaran sarakuna da na iskoki da suke nunawa a dandali. A wannan shekara ta 1964 ƙungiyar ta kai wasan Oba Koso bikin Barlin, a 1965 kuma ta kai shi bikin fasahar ƙasashe renon Ingila a Birtaniya. Saboda haka kwana biyar ɗin ba su ne suka ƙirƙiri masu zanen daga babu ba. Bitar ta tarar da zumunci da labarai da horon dandali a shirye, ta ƙara musu fenti. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza.

3.4 Ayyukan da Suka Fita Titi

A gefen waɗannan samari akwai wani rukuni da ba su zauna bitar kwana biyar ba, amma su ne suka fi sauya fuskar gari. Waɗannan masu sana'a ne da suka riga suka ƙware a aikin hannu, aka ba su kwangila da ƙwarin gwiwa su faɗaɗa abin da suka iya.

Adebisi Akanji birkila ne da ya saba da adon siminti na benaye irin na Barazil. Dabararsa ita ce ya lanƙwasa rodi da waya su ba da siffar abin da yake so, sannan ya shafe su da siminti tun yana ɗanye, ya karta ado a kai kafin ya bushe. Da wannan dabara ya riƙa gina shinge mai ɓuli-ɓuli, wanda iska da haske suke ratsawa, cike da siffofin mutane da dabbobi. Fitaccen misali shi ne shingen da ya yi wa gidan man Esso na Oshogbo a tsakiyar shekarun 1960. Ba gumaka kaɗai ya sa ba, ya sa makaɗa da motoci da mutanen da ake gani a titi kullum. Direban da ya tsaya shan mai da mai talla da fasinja duk sun zama 'yan kallo ba tare da sun yi niyyar zuwa kallon zane ba. Idan ana neman ma'anar zanen bainar jama'a a aikace, to wannan shinge ya isa misali.

Asiru Olatunde kuwa daga gidan maƙera ya fito, amma rashin lafiya ta hana shi aikin maƙera mai nauyi. Ya fara da ƙera 'yan kunne na jan ƙarfe masu siffar dabbobi. Wenger da Beier suka ba shi shawara ya gwada manyan faranti, sai ya koma bubbuga falankin alminiyam da ɗan ƙarfe har labari ya fito a jikinsa. Ko da yake Musulmi ne, ya yi wa majami'u aiki, ya kuma zana tatsuniyoyin Yarbawa da rayuwar ƙauye. Ayyukansa sun shiga bankuna da wasu gine-ginen jama'a. Daga cikin 'yan bitar 1964, Jimoh Buraimoh ne ya fi bin wannan hanya. Ya fara da manna ƙananan duwatsun ado a katako, dabarar da ya ɗauko daga kambun sarakunan Yarbawa, daga nan ya koma jera gutsattsarin dutse da tangaran a jikin bango, har ya ƙawata manyan gine-gine a Legas da wasu garuruwa.

Aiki mafi girma shi ne na kurmin Oshun da yake bakin gari. A ƙarshen shekarun 1950 masu kula da wurin suka nemi taimakon Wenger saboda gara ta cinye ɗakin bautar, masu saran itace da mafarauta da masu neman fili kuma suna ta cin kurmin. Ta tara birkiloli da kafintoci da leburori, cikinsu har da Adebisi Akanji da Buraimoh Gbadamosi da Ojewale Amoo, daga baya Kasali Akangbe da Rabiu Abesu da wasu suka shigo. Suka sake gina ɗakunan, suka kewaye wurin da katanga mai siffofi, suka tayar da manyan mutum-mutumi na siminti waɗanda wasunsu sun ninka tsayin mutum sau da yawa. Wannan ma bita ce, sai dai ta shekaru ce, kuma a bakin aiki ake koyo kamar yadda yaron magini yake koyo a hannun ubangidansa.

Aikin bai rasa masu suka ba. Wasu Musulmi da Kiristoci na garin sun ɗauke shi a matsayin farfaɗo da bautar gumaka. Wasu masu bin addinin gargajiya kuma sun ga cewa manyan siffofin siminti baƙin abu ne, tun da kakanninsu da itace suke sassaƙa, kuma ba kowane abu ake bari a fili ba. Duk da haka, sunayen ma'aikatan kansu, irin su Rabiu da Kasali da Buraimoh, wanda asalinsa Ibrahim ne, suna nuna cewa da yawansu daga gidajen Musulmi suka fito. Ta fuskar tarihi kuwa sakamakon a bayyane yake: gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihi na ƙasa a 1965, sannan a 2005 hukumar UNESCO ta sa kurmin, mai faɗin hekta 75, cikin wuraren tarihi na duniya.

3.5 Kasuwa da Ficewar Zane Daga Gari

Matsalar da ta taso wa samarin bita ita ce ta mai saye. Mutumin Oshogbo zai biya birkila ya ƙawata masa ƙofa, zai sayi adire ya ɗinka, zai biya kuɗin shiga wasan Ladipo. Amma sayen takarda mai zane a rataya a falo ba ya cikin al'adarsa, kuma kuɗin ya fi ƙarfin aljihunsa. Masu saye su ne Turawa malaman jami'a da ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na kamfanoni. Cibiyar Goethe ta Jamusawa a Legas ta riƙa baje kolin ayyukansu. A ƙarshen shekarun 1960 wata Ba'amurkiya mai suna Jean Kennedy ta riƙa buɗe gidanta a Legas kowace Alhamis don masu zanen su kawo kayansu su haɗu da masu saye. Daga nan ayyukan suka wuce Turai da Amurka.

Wannan ya kawo arziki da suna. Samarin da a dā ba su da aikin yi suka gina gidaje, suka sayi motoci, suka zagaya duniya. Twins Seven-Seven yana cikin waɗanda aka nuna aikinsu a babban baje kolin Faris na 1989, kuma a 2005 UNESCO ta naɗa shi jakadan fasaha na zaman lafiya. Amma abin ya zo da illa biyu. Ta farko, mafi kyawun zane-zanen shekarun farko sun bar garin, ta yadda ɗan Oshogbo da yake son ganin da yawa daga cikinsu sai ya nufi ma'ajiyar kayan tarihi a ƙetare, kamar gidan Iwalewa da Beier ya kafa a Jami'ar Bayreuth ta Jamus a 1981. Ta biyu, da aka ga abin yana kawo kuɗi sai masu kwaikwayo suka yi yawa, suna maimaita siffofin iskoki da dodanni iri ɗaya saboda su baƙi suke nema. Mai biyan makaɗi shi yake zaɓen taken da za a kaɗa masa.

3.6 Muhawara Tsakanin 'Yan Kwaleji da 'Yan Bita

A daidai lokacin da ake wannan aiki, akwai wata hanya ta daban da ta taso daga Zariya. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce a haɗa dabarun da aka koya a aji da fasahar gargajiya ta gida. Su ma suna adawa da kwaikwayon Turai, amma sun yi imani da karatu mai zurfi.

Da yawa daga masu zanen da suka yi karatun kwaleji sun soki Oshogbo. Hujjarsu ita ce Turawa ne suka zaɓi wanda ya iya da wanda bai iya ba, su ne suka rubuta labarin, su ne kuma suka saya, don haka abin da aka samu shi ne Afirkar da Bature yake son gani, wato ta mutumin da bai yi karatu ba mai zana aljanu. Wasu abubuwa sun ƙara wa wannan zargi ƙarfi. Beier ya riƙa rubutu da sunayen aro na Yarbawa, kamar Obotunde Ijimere da Sangodare Akanji. Haka kuma a 1966 da 1967 ta bayyana cewa ƙungiyar da take tallafa wa Mbari na Ibadan da kuɗi daga Faris tana samun kuɗinta ne a asirce daga hukumar leƙen asirin Amurka.

Idan aka auna, zargin yana da gaskiya ta wajen kasuwa da zaɓe, amma bai bayyana komai ba. Da a ce hannun malama ne yake zanen, da ayyukan ɗaliban sun yi kama da juna. Ga shi kuwa Oyelami ya karkata ga fuskoki da gidaje cikin launi mai sanyi, Fabunmi ga hotunan birane a cunkushe, Twins ga dodannin tatsuniya masu ƙananan zane a jiki, Buraimoh ga duwatsun ado. Bugu da ƙari, katangar da take tsakanin ɓangarorin biyu ba ta kai yadda ake faɗa ba. Onobrakpeya, ɗan Zariya, ya halarci bitar buga zane da Ru van Rossem, mutumin Holan, ya gudanar a ƙarƙashin Mbari, kuma wannan fanni ne ya yi suna a kansa. Buraimoh, ɗan bita, daga baya ya je Zariya ya yi karatu. Oyelami kuwa ya yi karatu ya kuma koyar a Jami'ar Ife.

3.7 Bayan Shekarar 1966

Beier da Georgina sun bar Nijeriya a ƙarshen 1966, suka nufi Papua New Guinea, sannan yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Masu cewa komai zai rushe da tafiyar Turawan ba su yi daidai ba, domin masu zanen sun ci gaba da aiki shekaru da dama. Amma Mbari Mbayo a matsayin dandalin gari ya yi rauni, musamman da Ladipo ya mai da hankali ga yawon wasa da talabijin, har rasuwarsa a 1978.

Tsarin bitar kuwa ya yaɗu. A 1968 Jami'ar Ife ta buɗe cibiyar Ori Olokun a cikin gari, nesa da harabarta, inda Solomon Wangboje, wanda ya yi karatu a Zariya, ya jagoranci koyar da zane. A 1983 Nike Davies-Okundaye ta buɗe cibiyarta a Oshogbo tana koyar da rini da adire da saƙa kyauta, abin da ya buɗe ƙofa ga mata, waɗanda ba su fito sosai a bitocin farko ba duk da cewa su ne masu tsohuwar sana'ar zane a garin. A 1998 Onobrakpeya ya fara bitar Harmattan a Agbarha-Otor ta Jihar Delta. A kurmin Oshun kuma, da yake siminti yana tsagewa rodi yana tsatsa, a shekarun 2010 an yi aikin gyara wanda tsofaffin ma'aikatan Wenger suka jagoranta tare da horar da matasa. Wannan ya nuna cewa adon gari ba a gama shi rana ɗaya, sai da masu kula da shi.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda bitocin Oshogbo suka taso daga mashaya da ƙungiyar wasan kwaikwayo, da yadda suka fitar da masu zane daga cikin samarin da makaranta ta bari a baya. An kuma ga cewa nasararsu ta dogara ne a kan abin da suka tarar a ƙasa, wato sana'o'in gari da zumuncin 'yan wasa da labaran da kowa ya sani. Game da tambayar da aka yi a farko, amsar da tarihin ya bayar ita ce rabon mutanen gari ya danganta da abin da aka yi aikin da shi da kuma wanda ya biya. Zanen takarda ya amfani mai shi da iyalinsa, ya ɗaukaka sunan Oshogbo a duniya, amma ya koma hannun masu kuɗin saye. Aikin birkila da maƙeri da kafinta, wanda aka kafa a gidan mai da jikin gini da kurmi, shi ne talaka ya ci gaba da gani, kuma kurmin da aka ceto shi ne yake tara dubban mutane a bikin Oshun na watan Agusta kowace shekara. Babi na gaba zai duba siffofin da suke cikin waɗannan ayyuka na siminti ɗaya bayan ɗaya da ma'anar da jama'a suke ba su.